Zuwa ga Ƙawata a Maraɗi, kan Idon Takwara

Ƙawata ta kaina,

 Yaya sanyi? Nan Zariya hunturu ya kankama, da safe hazo ba ya bari a ga ƙarshen layi. Ku da kuka fi mu kusa da hamada, na san sai dai a ce Allah ya kawo sauƙi.

Saƙon muryar da kika turo daren Talata sau uku na saurare shi. Na so in amsa nan take, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu a waya, ga shi kuma ina so ki samu abin da za ki riƙe a hannu ki karanta wa Baban yara a tsanake. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, kamar zamanin da muke makarantar kwana.

Ki fara kwantar da hankalinki: 'yarki, takwarata, ba ciwo biyu gare ta ba. Takardar da aka ba ku a Maraɗi da wadda kuka karɓo a Kano bakinsu ɗaya. Likitan Maraɗi da Faransanci ya yi karatu, sai ya rubuta abin da suke furtawa ifermetrofi. Na Kano da Ingilishi ya yi nasa, ya rubuta haifarofiya. Da na ɗakin da ke kusa da shi kuka samu, wataƙila haifametrofiya zai rubuta, domin duka biyun suna yawo a asibitocinmu. Mutanen Amurka sun fi riƙe gajeren sunan, mutanen Ingila da waɗanda suka yi karatu a hannunsu sun fi sabawa da dogon. Kamar Abubakar ne, a gida a ce Habu, a kasuwa a ce Garba, mutumin kuwa ɗaya.

Asalin kalmar daga harshen Girka take, gaɓa uku aka haɗa. Ta farko, wadda bakin Bature ya mayar "haifa", babu ruwanta da haihuwa irin tamu, ma'anarta zarcewa, wuce iyaka. Ta tsakiya awo take nufi, ita ce ma uwar kalmar mita da tela ke auna yadi da ita. Ta ƙarshe kuma ido. In kin jera su sai ki samu ido mai zarce awo. Gajeren sunan, awon kawai aka cire daga tsakiya.

To, mene ne ya zarce? Kin tuna majigin da ake kawowa filin unguwa muna yara? A kafa farin ƙyalle, mai na'ura ya yi ta murɗa bakinta har hoto ya fito tas. Da wani zai jawo ƙyallen nan ya matso da shi kusa da na'urar, hoton sai ya koma dishi-dishi, domin hasken bai gama haɗuwa ba ya ci karo da ƙyalle. Haka ido yake. Haske yana shiga ta wannan fata mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi da ke ciki, su biyun su tattara shi su aza a kan wani tantani da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido. Tantanin nan shi ne ƙyallen majigi. Idon babba, daga gaba zuwa baya, kusan milimita 24 ne. In ƙwayar ta gaza tsawon da ya kamace ta, ko fatar gaban ba ta lanƙwasa sosai ba, wurin haɗuwar haske sai ya faɗa bayan tantanin. Zarcewar ke nan. Kuma abin ɗan kaɗan ne: gibin milimita ɗaya yana jawo lamba kusan 3 a tabarau. Ashe abin da ya hana ku barci a idon takwara, mai lamba 4, bai kai ƙwayar gero ba.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, domin a nan aka yi ɓatan kai a gidanku. Kin ce ƙaninki ya saka kalmar a wayarsa, ya ce muku wai "hangen nesa" take nufi. Ba laifinsa ba ne, haka talakawan Turawa ma ke kiranta a harshensu, Larabawa kuma su ce ɗulun nazar, wato dogon gani. Amma a bakin Bahaushe hangen nesa yabo ne. Dattijo ake ce wa mai hangen nesa. Wa zai kai ɗansa asibiti don an yabe shi? Shi ya sa Baban yara ya ce yarinyar da ke riga kowa hango jirgi a sama, wane tabarau kuma za a ɗora mata. Ganin da ya yi gaskiya ne, tana hango jirgin. Abin da ba a gani shi ne wahalar da idon ke sha kafin ya hango.

Madubin nan na cikin ido ba busasshen gilashi ba ne, laushi gare shi, kuma wata tsoka ce ta kewaye shi kamar zobe. In tsokar ta matse, madubin ya ƙara kumbura, ƙarfinsa ya ƙaru, ya jawo hoton gaba. Mai ido daidai awo ba ya taɓa tsokar nan sai zai dubi abu na kusa. In ya ɗaga kai ya dubi nesa, ta saki, ta huta. Takwara kuwa tun daga kallon nesa ta riga ta ci bashi. Kafin ta ga jirgin nan tas, sai tsokarta ta biya lamba 4 ɗin da idon ya gaza. In ta sunkuya kan allo ko littafi, tazarar kamar santimita 33, kowane ido na buƙatar ƙarin 3, nata ya zama 7. Yaro ɗan shekara 10 yana da ƙarfin da ya kai kusan 14, don haka tana iyawa, ba ta kuma san akwai wata hanyar gani da ba wannan ba. Ki ɗauka mace ce aka ɗora wa tulu tun asuba, ba saukewa sai barci, in an zo karatu kuma a ƙara mata wani a kai. Tana tafiya, ba ta faɗi ba. Sai dai kada a ce don ba ta faɗi ba tulun babu nauyi.

Ni na ɗauki tulun nan fiye da shekara 30, kuma kina wurin. Kin tuna ciwon kan da ke kama mini goshi bayan la'asar? Kin tuna yadda nake kifa kai a kan littafi lokacin karatun dare, ki riƙa zungurina kada a kama ni ina barci? Haruffa su yi tas, can su narke, in lumshe ido in buɗe su dawo. Ido ya yi ta ruwa yana zafi. An kira ni malalaciya, har na yarda haka nake. Sau biyu ana gwada ni da allon haruffan nan da ake rataye a bango, in karance shi har layin ƙasa, a ce idona lafiya lau. Allon nan daga mita 6 ake karanta shi, kuma na 'yan daƙiƙoƙi, wanda tsokarsa ke da ƙarfi zai haye. Sai bayan na haifi 'yan biyu, ina duba littattafan ɗalibai da dare, abin ya gagare ni. Wata mai awon ido, Allah ya saka mata da alheri, ta ɗiga mini magani ta sake aunawa, ta samu 2.50 a kowane ido. Ranar da na fara karatu da tabarau na yi awa biyu ban ɗaga kai ba, da na tashi na shafa goshina na ji shi sake. Hawaye na yi, ƙawata. Ina ta tunanin littattafan da na ajiye a rabi, ina zaton halina ne.

Maganin ɗigawan nan shi ne wanda ya tayar wa Inna, kakar takwara, hankali, da kuka dawo da yarinya baƙin idonta ya buɗe, tana gudun rana, ba ta ganin abin da ke hannunta. Ki gaya mata ba ɓata idon aka yi ba. Tsokar aka sa barci na ɗan lokaci, don a auna idon ba tare da ta rufa masa asiri ba. In ba a yi haka ba, yaro mai lamba 4 sai a auna a samu 1, ko ma a ce babu komai. Wani irin maganin kwana ɗaya yake yi ya sake, wani mai suna aturofin yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Ni da za a auna ƙaramin yaro ba a ɗiga ba, da ban amince da awon ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonki kuwa a ƙarshe kika faɗe shi, kamar ba komai ba: wai idonta na hagu yana karkata wajen hanci in ta gaji, ko in tana kallon abu kusa, har yaran maƙwabta sun fara ce mata harara-garke. Wannan ba dabam yake da maganar farko ba, 'ya'yan uwa ɗaya ne. Allah ya ɗaure ayyuka biyu da igiya guda: duk lokacin da tsokar madubi ta matse, idanu biyu sukan juyo ciki, domin a al'ada matsewa na nufin abu na kusa ake kallo. Ki kawo yatsa kusa da hancinki ki gani. Yarinyar da ke matsewa da ƙarfin 7 a inda sa'o'inta ke yi da 3, igiyar tana jan idon fiye da kima, sai ɗaya ya kauce. Yawanci tsakanin shekara 2 da 3 abin ke fara bayyana. In ido ya kauce ya kamata ta ga abu biyu-biyu, amma ƙwaƙwalwar yaro ba ta yarda da haka, sai ta daina sauraron wanda ya kauce. Idon da aka daina saurara kuwa ba ya koyon gani, domin gani ma koyonsa ake yi kamar magana. Ƙofar koyon a buɗe take sosai har wajen shekara 7 zuwa 8, daga nan ta fara turuwa. In aka bari ta rufe, ko an kawo tabarau mafi tsada daga baya, idon na iya zama rarrauna har tsufa, alhali in ka dube shi garau yake. Takwara shekararta 5. Lokaci yana hannunku, amma ba mai yawa ba ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka tabarau ɗin nan ba na zuwa makaranta kaɗai ba ne. Daga tashi barci har kwanciya, a gida, a Islamiyya, a gidan biki, a wurin wasa. Yara da yawa masu irin wannan karkata, tabarau kaɗai ke miƙar da idon, kina sa mata ki ga ya dawo daidai, kina cirewa ya koma. In likita ya ce a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum don a tilasta wa na hagun aiki, ki daure. Za ta yi kuka, Inna za ta ce ana azabtar da jikarta. Ki daure dai.

Maganar Inna cewa tabarau na tsofaffi ne, ki bi ta a hankali, domin abin da ta sani ta faɗa. Ita da ta kai shekara 40 da 'yan kai ta fara nesanta Alƙur'ani da fuskarta, zare ya ƙi shiga allura, aka ba ta tabarau mai kauri a tsakiya. Yau ga shi an ba 'yar shekara 5 irinsa. Amma nata wani abu ne dabam, sunansa firesbayofiya, daga kalmar Girka mai nufin tsoho. Ƙwayar idon Inna ba lallai ta gaza awo ba, madubin ne ya taurara da shekaru. Ƙarfin nan da na ce 14 ne a ɗan shekara 10, yana sauka zuwa kamar 4 da rabi a shekara 40, a 60 bai fi 1 ba. Wannan kowa zai gamu da shi in Allah ya ba shi tsawon rai. Na takwara kuwa ƙirar idon ce tun haihuwa. Magani iri ɗaya, dalili biyu.

Kada ma ki ga kamar Inna ce kaɗai ta haɗa su. Likitocin Turai sun daɗe suna wannan kuskure. Tun ƙarshen ƙarni na 13 aka ƙera tabarau a Italiya, na farkon kuma irin wannan ne mai kauri a tsakiya, don tsofaffi masu karatu. Aka yi ɗaruruwan shekaru ana ganin bai dace da matashi ba, har ana tsoron zai raunana masa ido. Matashin da karatu ke gajiyar da idonsa sai a ba shi shawarar ya bar aikin duba takarda. Wani likitan ido a birnin Utrecht na ƙasar Holan, mai suna Donders, shi ya raba gardamar. A 1858 ya buɗe asibitin ido don marasa galihu, ya yi ta auna idanun mutane, a 1864 ya fitar da babban littafinsa kan yadda ido ke karya haske da yadda yake daidaita gani. Shi ya kafa sunan haifametrofiya, ya bambanta ta da ganin tsufa, ya nuna ita ce ke haddasa yawancin gajiyar idon matasa, ya kuma nuna alaƙarta da karkatar ido wajen hanci. Allon haruffan da na ba ki labari ma abokin aikinsa Snellen ne ya tsara shi a 1862. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ce, ashe amsar ciwon kaina ta fi shekara ɗari a rubuce kafin a haife ni.

Za ki ji kuma ana cewa tabarau yana cinye ido, wai wanda ya saba da shi in ya cire ba ya gani kamar da. Akwai abin da suka gani, fassarar ce ta kauce. Tsokar da ta ɗanɗani hutu ba ta saurin komawa ɗaukar tulu, don haka in takwara ta cire bayan wata biyu za ta ce tana gani hazo-hazo. Idon bai lalace ba, halinsa na gaskiya ne ya fito fili. A kwanakin farko ma tana iya cewa nesa ba ta fita sosai da tabarau ɗin, kafin tsokar ta yarda ta saki. In ƙorafin ya wuce 'yan makonni, ku koma a duba.

Kin tambaya ko za ta rabu da shi in ta girma. Ba zan yi miki alkawari ba. Yawancin jarirai da 'yar wannan gazawa ake haihuwarsu, domin idon jariri bai fi milimita 17 ba, yana girma tana raguwa har ta ɓace ko ta kusa. Amma wadda ta kai shekara 5 da lamba 4 ga kuma karkata, sau da yawa takan daɗe da tabarau, ko da lambar ta sauya. Ku riƙa komawa awo duk ranar da aka sa muku. Kuma abin yana bin jini, don haka ki kai yayyenta da Auta a duba su, ko ba su yi ƙorafi ba. Wanda bai taɓa gani da sauƙi ba bai san zai yi ƙorafi ba.

Ga yadda za ki karanta takardun da kanki. Alamar tarawa a gaban lamba, ita ce shaidar irin wannan ido, gilashinsa mai kauri a tsakiya, shi ya sa za ki ga idanunta sun ɗan ƙara girma a ciki. Alamar ɗebewa ta kishiyarsa ce, mayofiya, mai doguwar ƙwayar ido, wanda ke ganin kusa amma sai ya tsuke ido kafin ya ga allon aji. A takardar Maraɗi OD idon dama ne, OG na hagu. Cikakken gani su 10/10 suke rubutawa, mu a nan 6/6. Ki haɗa takardun biyu a leda ɗaya, duk inda za ku je ki tafi da su.

Don Allah kada wani ya ce ga na kasuwa mai araha ya sayo mata daga faifan masu talla. Waɗancan don irin su Inna aka yi su, ido biyu lamba ɗaya, tazarar tsakiyarsu ta fuskar babba. Kuma kada a ɗiga mata komai, ko ruwan tsiro ko na sukari ko nono. Gajartar ƙwayar ido ba ta jin magani, ƙaiƙayi da makanta kawai irin wannan ɗige-ɗige ke iya jawowa.

Wani abu kuma da likita ya ja mini kunne a kai, ki adana shi saboda manyan gidan, tunda a jini yake. Gajeren ido cikinsa a matse yake, in shekaru suka ja magudanar ruwan ido na iya toshewa farat ɗaya, irin hawan jinin idon nan mai zuwa da gaggawa. Ido ya yi ja, ciwo mai tsanani har rabin kai, gani ya dushe, a riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila, wani har da amai. Wanda ya ji haka, asibiti a ranar, ba a kwana da shi.

Ni dai na daina cewa hangen nesa in ina yi wa iyayen ɗalibaina bayani. Cewa nake ƙwayar idon ce ta yi gajarta, idon ba ya samun hutu. Uba in ya ji haka yakan tambayi inda ake awo, in ya ji hangen nesa kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai ya gada. Ki gwada wannan da Baban yara, bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban Inna ba.

Wajen zaɓen firam, ki nemi na roba mai laushi wanda ya zauna a karan hancinta, don kada ya zame ta riƙa leƙe ta samansa. Ki sa masa igiya ta bayan kai. Ki bar ta ta zaɓi launi da kanta, ta fi riƙe shi da daraja. Ki je ki ga malamarta ki yi mata bayani, saboda masu tsokanar "ido huɗu" ba a rasa su a kowane aji. In sun dame ta, ki ce mata mai sunanta ta Zariya ma da nata take yawo, kuma in na zo hutun ƙarshen zango za mu ɗauki hoto tare, ni da nawa ita da nata.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ina tambayar ƙafarta. Gaisuwa ga maigida da yara. 'Yan biyu suna gaishe ki, sun ce kada in manta in tuna miki alkawarin kilishi. Ranar da aka karɓo tabarau ɗin ki kira ni, ina so in ji muryarta.

Taki har kullum,
Maman 'Yan Biyu